Ranar da Na Ƙi Sauka daga Jaki

Ina ɗan shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, da na tashi ƙafafuna ba su tashi tare da ni ba. Mutanen ƙauyenmu suka ce shan Inna ne. Dangin uwata azna ne na wajen garin Sarkin Yamma, su suka yanka baƙar akuya. Dangin ubana kuwa rubutu suka dinga ɗura mini har cikina ya gaji. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafafu dai suka tsaya kamar sillen kara, haka nake jan su har yau.

Uwata, Allah ya jiƙanta, mace ce mai kafiya. Da na ɗan tasa wani dattijo ya ba da shawara a riƙa kai ni Maraɗi ranar Juma'a, tunda Allah ya riga ya buɗe mini ƙofar abinci. Ta dube shi ta ce ƙafa aka ɗauke wa ɗanta, ba a ɗauke masa hannu ba. Washegari ta je maƙera ta sa aka ƙera mini hauya mai gajeriyar ƙota. Ubana ya sassaƙa mini katako biyu na dafawa, ya yanka tsohuwar taya ya ɗaura mini a gwiwa. Da waɗannan na koyi noma, ina rarrafe tsakanin kunya da kunya, ƙasa na shiga mini baki.

Shekarun da gyaɗa ke kuɗi na yi jaki, na yi aure. Matata 'yar wajen Gabi ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu ko ni sai in ja da baya. Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Mu biyar ke nan a gidana, kuma ban taɓa miƙa wa kowa hannu don in ci da su ba. Wannan fa ya shiga mini kai, ba zan ɓoye ba. Akwai wata tsamiya kusa da kasuwar Madarunfa inda guragu ke zama da sarkinsu, wani tsoho mai furfura da jan rawani da ya koɗe. In na zo wucewa bisa jakina sai in ɗaga hannu daga nesa in kau da kai. Ban taɓa tsayawa na gaishe su ba, don kada wani ya gan ni a can ya ɗauka ni ma nasu ne.

Sai shekarun yunwa suka zo, gab da soja su karɓi mulki. Damina biyu ta yi mana rowa, ta uku ma ba ta tsinana komai ba. Tabkin Madarunfa ya ja baya har ana tafiya a inda da ake jefa taru. Rumbuna ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Muka sayar da akuyoyi, muka koma dusa da ganyen tafasa. Autarmu tana goye a lokacin, nonon uwarta ya ɗauke, kukanta ma ya zama ba ƙarfi. Ba abin da ya fi wannan kukan cin raina.

Cikin bazara aka ce an kawo taimakon jar dawa. Manyan motoci suka sauke buhuna a wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Madarunfa, aka turo wani saurayi ɗan lakwal, wato ɗan boko, daga birni ya riƙe rabon, kowa na ce masa Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da faransanci. Tsarin ba wuya. Maigari ya kai sunayen magidantan garinsa, a auna wa kowa gwargwadon bakunan da ke gidansa. Ranar da maigarinmu ya dawo da kasonmu na je ƙofar gidansa da buhuna kamar kowa. Aka kira na gabana, aka kira na bayana, aka kakkaɓe tabarma, ban ji sunana ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Maigari ya sosa ƙeya. Ya ce Mushe ya tambaye shi ko akwai makafi da kutare da guragu cikin mutanensa, shi kuma ya faɗi gaskiya. Sai aka cire sunayenmu aka mai da su wata takarda dabam, wai kason irinmu yana hannun sarakunanmu, kowane mutum tiya biyu.

"Tiya biyu? Mu biyar ne fa a gidana."

"Na sani. Ka yi haƙuri, zan yi magana."

Ya yi maganar ko bai yi ba, Allah masani, don shi ma kansa ya ɗau zafi. Na aiki wani maƙwabcina mai jin faransanci kaɗan-kaɗan, ya dawo ya ce an ce za a duba. Rabo na biyu ya zo ya wuce ana dubawa. Tiya biyun ma ban je na karɓa ba, don karɓarta sai na je gindin tsamiya na durƙusa gaban mutumin da na shekara goma ina wucewa ba gaisuwa.

Ana haka sai ga wan matata daga Ɗan Issa. Mutumin kirki ne, yana 'yan saye-sayensa a bakin iyaka, shi ya tsaya ma aka ba ni ƙanwarsa lokacin da wasu ke gunaguni. Ya shiga ya ga yaran, ya fito ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce, "Ba raini ba ne, Allah ya sani. Amma ba zan zuba ido in ga wannan ba. Ranar Alhamis zan dawo. In da hatsi a gidan nan, in gaishe ku in koma. In babu, da sanyin la'asar zan tafi da ita da yaran, in ƙetara da su wajen Jibiya inda ake samun abin sawa a baki."

Na ce, "Yaya, in suka ƙetara yaushe za su dawo?"

Ya ce, "In an yi ruwa."

Duk mun san yadda wannan maganar take. Mata nawa suka ƙetara a shekarun nan da sunan in an yi ruwa, aka yi ruwan, ba su dawo ba. Shi ma dai gaskiya ya faɗa. Matata tana bayan danga tana jin mu.

Ranar Litinin na hau jakina na nufi Madarunfa. Zuwa da kai ya fi aike, in ji masu magana, ni kuwa sai da wuya ta kai wuya na tuna. Ga mai ƙafa tafiyar ba ta wuce sa'a guda ba. Da na isa na yi abin da kowane ɗan halak zai yi. A wurinmu ba a tunkarar babba ko wurin hukuma a kan dabba. Tun daga nesa kake sauka, ka tuɓe takalmi, ka ƙarasa a ƙasa. Na ɗaure jakin a wata bedi, wato dogon yaro, na sa katakaina na rarrafa har bakin ƙofar mangaza, inda wani gardi ke tsaye da kulki.

Na yi sallama. Ban kai ga buɗe baki na biyu ba ya lalubi aljihu ya ajiye mini dala a gabana, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, matsa gefe." Idonsa na can kan layin magidanta, don a wannan karon kowa da kansa yake zuwa karɓar kasonsa.

Na ce, "Ba bara na zo ba, Mushe nake son gani."

"To, to. Allah ya buɗa." Ya tsallake ni ya tafi raba wata rigima.

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Mari ana ramawa, ko a kai ƙara. Sadaka fa? In ka mayar ka wulaƙanta mai neman lada, kowa ya ce gurgun nan ba shi da tarbiyya. In ka karɓa kuma magana ta ƙare, an sallame ka. Haka na wuni a wurin. Duk wanda na ɗaga kai zan yi wa bayani sai ya riga ni da addu'a. Wata tsohuwa da ita kanta iska ke kaɗawa ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙuli-ƙuli guda. Da Mushe ya fito zai tafi cin abinci na ɗaga murya na kira shi. Ya waiwayo, ya dubi sama da kaina yana neman mai kiran, bai ga kowa ba, ya wuce.

Talata ma haka. Na yi sammako, na sa rigata ta sallah don a san magidanci ne, rigar ta sha ƙasa kafin in kai ƙofa. Gardin nan dai, bawan Allah, ya sake ba ni dala. Na koma gida na tarar matata ta wanke tsummokaran yara ta shanya, abin da ba ta yi sai za a yi tafiya.

Ranar Laraba ban nufi mangaza ba. Kuɗin sadakar nan suna ƙona mini aljihu, ba zan iya kai su gidana ba, ba zan iya zubarwa ba. Na karkata jakina zuwa gindin tsamiya. Na sauka, na rarrafa gaban Sarkin Guragu, na gaishe shi yadda ake gai da sarki, na ajiye kuɗin a gefen buzunsa.

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "A'a, yau mai jaki ne a garinmu? Ku matsa masa, kada ƙurarmu ta taɓa shi."

Mutanensa suka yi dariya. Na haɗiye, don na ci bashin abin da ya fi haka. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi. Girman kai rawanin tsiya, yau ga shi na naɗa."

"Tiyarka huɗu tana nan, rabo biyu, ban taɓa ba. Na ce ko ba daɗe ko ba jima yunwa za ta koya maka hanya."

Na gode masa, na kwashe labarina duka na faɗa masa, har zancen Alhamis. Na ce tiya huɗu ba za ta hana a tafi da iyalina ba. Sai ya daina murmushi. Ya ce shi kansa baki bakwai ne a gidansa, tiya biyu yake kai musu. Wancan na gefensa yana da 'ya'ya huɗu. Ya ce sau uku yana zuwa ƙofar mangazar nan da rawaninsa, sau uku ana ba shi sadaka.

Na ce, "To me ya sa ba a jin mu? Hausa muke yi fa."

Ya ce, "Yaro, shekara arba'in ina kallon gwiwoyin mutane, na san su sarai. Mutum ba ya sauraron wanda yake hango tsakar kansa. Da ya gan ka a ƙasa hannunsa ke tafiya aljihu, kunnensa ya toshe. Ba mugunta ba ce, haka aka koya musu." Ya nuna jakina da haɓa. "Kai da Allah ya ba abin da zai kai ka daidai fuskar mutane, me ya sa kake sauka?"

"Ranka ya daɗe, wa ke shiga wurin hukuma a kan jaki? Ai rashin kunya ne."

"To zauna da kunyarka. Gobe Alhamis."

Ban yi barcin kirki ba. Ni da uwata ta yi wa tarbiyya, ko maigari na hango tafe sai na zame daga kan jaki tun bai iso ba. Amma da gari ya waye na ga matata tana ɗaure tukunya cikin tsohon zane, sai na ji duk wata kunya ta fita daga raina.

Da hantsi na isa. Ban tsaya a bedi ba. Na ratsa gefen layi, mutane na darewa suna kallona, na doshi ƙofa. Gardi ya daka mini tsawa, "Kai, sauka! Ina ka taɓa ganin haka?"

Na ce, "In na sauka dala za ka ba ni. Na sauka Litinin, na sauka Talata."

Ya tsaya ya ƙare mini kallo. Na rantse sai a lokacin ya fara ganin fuskata. Ya kama igiyar jakin zai juya shi, jakin kuwa ya shaƙi ƙanshin dawa, ya kafe ƙafafu ya ƙi motsi, har ya ƙara taku biyu ciki. Layi ya kaure da surutu, wasu na dariya, wani dattijo na cewa duniya ta lalace. Na gyara zama, na ƙi sauka. Hayaniyar ce ta taso da Mushe daga teburinsa.

Yaro ne ƙarami, bai fi ƙanena ba, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya tsaya a gabana, fuskata daidai tasa. Ya ce, "Malam, lafiya?"

Malam fa ya ce. Kwana biyu ina ƙasa ba wanda ya kira ni da komai.

Na ce, "Mushe, ka gafarce ni, na san ba a shigowa haka. Ni manomi ne, ga hannuna ka gani. Ina da mata da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye. An cire sunana daga cikin magidantan garinmu an ba ni kason mutum guda. Yau da la'asar za a tafi da iyalina in ban kai hatsi ba. Ba sadaka nake roƙo ba, abin da aka auna wa maƙwabcina nake so a auna mini."

Ya ce, "Kana da mata?"

Wata mata a layi ta ce, "Ikon Allah, to 'ya'yan daga sama suka faɗo?" Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Kunya ce ta kama shi, har ya sunkuyar da kai. Ya ce shi dai a birni masu bara kaɗai ya saba gani, ya ɗauka kowannensu shi kaɗai ne, ya ware su ne ma don kada a tattake su a layi. Na gaskata shi, don ba fuskar mugu gare shi ba.

Na ce, "Sarkinmu da ke gindin tsamiya baki bakwai yake ciyarwa. Ka aika a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa zai faɗa maka da bakinsa." Ban san lokacin da kalmar sarkinmu ta fito mini ba.

Ya tambaya ko akwai wanda ya san ni. Mutum uku daga garinmu suka shaida. Ya ɗauko takardar, ya soke, ya mai da sunana cikin magidanta, ya rubuta biyar a gabansa, ya juyo da ita ya nuna mini ko da yake a lokacin ban iya karatu ba. Ya sa aka auna mini na wannan rabon da na wanda ya wuce. Daga baya na ji ya je gindin tsamiya da kansa. An gyara wa waɗansu, waɗansu kuma har aka rufe mangazar ba a kai kansu ba.

Gardin ne da kansa ya ɗaga ni ya sauke, ya aza buhun a bayan jaki ya ɗaure. Ya sake ɗaga ni ya ɗora a baya. Jakin ya yi taku uku ya durƙushe. Dabbar da ta yi wata da watanni tana cin karan danga, ina za ta iya da mu biyu? Muka sake gwadawa, ya sake durƙushewa. Gardi ya ce in bar buhun a wurinsa in je in turo wani. Wani kuma ya ce in jira masu garinmu su gama layi su taimaka mini, amma layin nan sai magariba. Na dubi rana. A shekarar nan ko uwarka ba ka bar wa hatsi ka juya baya, balle kuma na gaji da turo wani. Akwai taurin kai a ciki, na yarda. Na ɗaura igiyar jakin a ƙuguna, na sa katakaina, na kama hanya.

Rairayin bazara da tsakar rana ba abin wasa ba ne. Kafin in fita gari tayar gwiwata ta dama ta tsinke, na yage hannun riga na naɗe wurin. In na yi taku ɗari sai in shiga inuwar jakin in huta. Masu wucewa biyu suka tsaya, ɗaya ya ba ni ruwa a gora, ɗaya ya ce zai riƙe mini jakin zuwa gida, na ce ya bar shi na gode. Azahar ta same ni a hanya, na yi taimama na yi salla inda nake. Inuwa ta fara tsawo ina hango kukar bakin garinmu, ina matsowa tana kamar tana ja da baya. Tsoro ɗaya ne a raina, kada in isa in tarar da gida ba kowa.

An idar da la'asar na shigo. Wan matata yana zaune a ƙofar gida, ƙunshin kaya biyu a gabansa, manyan yaran sun sa rigunansu. Ya miƙe tsaye. Ya dubi buhun, ya dubi gwiwoyina da jini ya haɗu da ƙasa ya bushe a kansu. Ya juya ya fara kwance igiyar buhun.

Matata ta fito da goyo a bayanta. Ba ta dubi buhun ba, ni ta duba, ta daɗe. Sannan ta durƙusa ta kwance ƙunshin da ke gaban wanta, ta ciro tukunya, ta ce da babbar 'yarmu, "Jeki gidan maƙwabta ki ɗebo wuta."